Muryar da Ba Ta Tari

Ƙarfe uku da kwata na dare, Valparaíso na barci a kan tsaunukanta,
gidaje sun hau kan juna kamar kwanukan da ba a wanke ba.
A ƙasa tashar jirage ba ta runtsa:
injinan ɗaga kaya na sunkuyawa, suna miƙewa,
kwantenonin inabi da tagulla na jiran jirgin Busan.
Ni ce mai gadi. Ba sanda, ba tocila.
Alluna huɗu, shayin da ya huce, da wata na'ura
da na yi wata bakwai ina koya mata kamannin ƙarya.

Da can mai kutse mutum ne, yana gajiya,
yana kuskuren rubutu, yana tashi neman abinci,
har mukan gane ƙasarsa
daga sa'ar da ya yi shiru.
Na yanzu ba ya hamma.
Yakan gwada ƙofa dubu kafin in ɗaga kofi,
ya karanta wasiƙunmu, ya koyi gaisuwarmu,
ya san mai cewa "na gode" da wanda ba ya cewa.

Sai waya ta yi ƙara.
Don Eleodoro ne, shugaban tasha, muryarsa babu ragi:
kaurinta, da yadda yake jan sunana.
"Ximena, 'yata, ina Santiago, na'ura ta ƙi karɓata.
Buɗe mini ƙofar baya, minti biyar kawai,
kada jirgin Busan ya tashi ba takardu."
Yatsana ya riga ya ɗaga.
Da ɗan gari akan ci gari;
yau bakinsa kawai aka ara, aka bar shi yana minshari.

A gefen allo na'urata ta kunna ɗigon ja.
Ba ta ce ƙarya ba ne. Ta ce: tamanin da uku cikin ɗari.
Sauran goma sha bakwai nawa ne, ni da kunnena.

Na kasa kunne.
Shekara arba'in Don Eleodoro na zuƙar taba,
bai taɓa kai ƙarshen magana ba sai tari ya tare shi.
Wannan kuwa tas take, kamar ruwan kwalba.
Na ce: "Yaya ƙafar Doña Fresia?"
Ya ce: "Da sauƙi, tana gaishe ki."
Ni na riƙe furanni ranar da aka binne ta,
bara, cikin ruwan Yuli.

Na kashe waya, na toshe ƙofa, na sauya makullai,
na ta da Anselmo daga barci, ya zo da takalmi ɗaya a kwance.
Kafin gari ya waye sun dawo sau ɗari biyu da shida.
Na'ura da na'ura na kokawa a filin da babu ƙasa,
mu muna kallo, ba ƙura, ba gumi, sai lambobi.

Anselmo ya ce mun ci. Ban amsa ba.
Abin da ya kira ni ya ji tambayata.
Gobe zai san wanda ya mutu.
Jibi zai koyi tari.

Da safe na shiga tsohon akwatin ƙarfe
mai jan mutane zuwa saman tsauni,
teku a bayana, launin gwangwani.
Waya ta sake ƙara. Mama.
"Kin ci abinci? Na dafa wake da kabewa."
Na tsaya a matakala, gabana na faɗuwa,
na ce: "Mama, karenmu da mota ta take a Playa Ancha,
me sunansa?"

Ta yi shiru.
Na ji tukunya na tafasa, ko abin da ya yi kama da tukunya.
Sannan ta ce: "Ke da uwarki ma sai da kalmar sirri?"

Ba ta faɗi sunan ba.
Matakala ɗari da sittin tsakanina da ƙofarta.
Na fara hawa, in je in taɓa hannunta,
wanda har yanzu ke warin albasa.